Mai Askin da Hannunsa Ke Rawa

Shagon ɗaki ɗaya ne, a matse tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kujera mai juyawa guda, madubi mai tsaga a kusurwa, bencin masu jira, sai ƙusar da ake rataye farin ƙyallen wuya. A nan Mai Aski ya tashi, tun yana share wa ubangidansa gashi har shagon ya zama nasa. Hannunsa ya yi suna. Ana cewa zai yi maka gyaran fuska kana gyangyaɗi, ka farka ka ga wani saurayi a madubi har ka so gaishe shi. Ya yi aure a coci, Allah ya ba su ɗa namiji guda, mai kunnuwan ubansa sak.

Sai kwalbar giya ta shigo. Da fari sai an rufe shago, daga baya ta samu mazauni a bayan madubi, cikin kwalaben man gashi, kamar ita ma kayan aiki ce. Wata Asabar matarsa ta kawo yaron a yi masa askin Lahadi. Aska ta zame, ta tsaga saman kunnen yaro. Aka ɗinke a asibiti, daga can kuwa uwar ta wuce da ɗanta gidan mahaifinta, ko zani ba ta dawo ɗauka ba.

Surukin nan dattijo ne a coci, na layin gaba, irin waɗanda ke cewa amin tun fasto bai kai ƙarshen addu'a ba. Da Mai Aski ya je biko ya durƙusa a tsakar gida, tsoho bai ɗaga murya ba.

"Ka ce ka daina?"

"Na daina, Baba. Na fasa ta da hannuna."

"Ai da hannun nan ka tsaga mini jika. Tashi ka je. Ranar da mutum mai hankali ya miƙa maka wuyansa ka sa aska, ka dawo mu yi magana."

Ya daina ɗin da gaske. Abin haushin, da ya daina sai hannun ya kama rawa, rawar da bai taɓa yi ba lokacin da ake sha. Shayi ma sai ya riƙe kofi da hannu biyu. Ya sayo balan-balan, ya riƙa hurawa yana shafa musu kumfa yana bi da aska, yadda ubangidansa ya koya masa a da. Duk wadda ta fashe sai mai gyaran waya ya leƙo.

"Oga, Allah ya jiƙan wannan ma. Ya bar iyali?"

Mai Aski ya yi ƙoƙarin dariya, yana goge kumfa a gira.

Ya kai kukansa wurin fasto. Fasto mutumin kirki ne, sai dai sanƙonsa ya kai har ƙeya, gemu kuwa Allah bai rubuta masa ba. Ya shafa kansa cikin takaici.

"Ɗan'uwa, da ina da abin da zan ba ka, da yau ka gama. Ubangiji ya riga ka aske ni."

Amma ranar Lahadi ya yi wa'azi mai zafi a kan jinƙan Allah, ya ce Almasihu bai jira kowa ya gyaru ba kafin ya karɓe shi, ya kuma roƙi 'yan'uwa su koma shagon ɗan'uwansu. Coci ya ɗauka da amin har rufi ya amsa. Litinin ta zo ta wuce, babu kowa. Mako ya ƙare, babu kowa.

Shi kuwa bencin baya yake zama yanzu, kuma bencin baya azaba ce ga mai aski, don ƙeyar kowa a gabansa take. Yana ganin sabon aski layi-layi. Ya san wannan aikin yaron bakin tasha ne, wancan na mai shagon kusa da famfo, wanda ko layin goshi bai iya cirewa daidai. Kawunan da ya riƙe shekara da shekaru, ya san inda kowanne ke da ƙari da inda ke da tabo, su ne ke sunkuye suna addu'a da askin wani. Can gefe kuma ga matarsa, idonta a kan littafin waƙa, ga yaron a jikinta. An bar masa suma ta rufe kunnen. Sau ɗaya suka haɗa ido da yaron, sai yaron ya cusa fuska a zanin uwarsa.

Ya rubuta a ƙofa cewa aski kyauta ne. Mutane suka riƙa tsallaka titi kafin su iso shagon, suna ɗaga masa hannu daga nesa da fara'a. Kullum da safe ya buɗe, ya share ƙasan da babu ko silin gashi, ya wasa aska, ya zauna. Addu'arsa ta ƙanƙance har ta koma magana ɗaya: "Ya Ubangiji, kai guda nake roƙo. Ko mai ƙwarƙwata ne."

Ranar da ƙarfinsa ya ƙare, da rana tsaka ne. Ya aika wa mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya ɗauki kujerar, shi kuma ya tsuguna yana kwance ƙusoshinta daga siminti da sifana. Ya san inda ƙafarsa za ta kai shi da zarar an fita da ita. Gidan giyar yana nan a ƙarshen layi, kuma can ba a tambayar mutum ko hannunsa na rawa. Hawaye na ɗiga a kan sifana, bai ma goge ba.

Inuwa ta rufe ƙofa.

"Gyara ake, ko an tashi?"

Surukinsa ne, da sanda. Mai Aski bai gane shi nan take ba. Daga bencin baya ƙeyarsa kawai yake gani, bai san gemu ya cinye fuskar tsoho haka ba, fari fat, a hargitse kamar tsohuwar tsintsiya.

"Baba, sannu da zuwa. Ku zauna a benci, bari in..."

"Ban zo benci ba. Mayar da ƙusoshin nan."

Ya mayar, sifana na karkarwa. Tsoho ya hau kujera da nishi, ya jingine sanda a madubi.

"Tun ranar da na kore ka ban sa aska a fuskata ba. In na nufi wani shago sai ƙafata ta ƙi. Surukarka ta ce na koma kamar bunsurun da aka manta a daji." Ya kalli kansa a madubi. "Na kafa maka sharaɗin da Allah bai taɓa kafa mini ba. Kuma na zauna a gaba ina cewa amin da ƙarfi, ina jiran wani ya kawo wuyansa. Ɗaura ƙyallen."

"Baba, hannun bai tsaya ba. Ku duba." Ya miƙa shi, yana kaɗawa kamar ganye.

"Na gani, ba makaho ba ne ni. Warin me kake yi?" Ya jawo shi da riga ya shinshina. "Sabulu. To, sa kumfa."

Tsoho ya kwantar da kai baya, ya rufe ido, maƙogwaronsa a fili. Mai gyaran waya ya leƙo zai yi tsiya, ya ga abin da ke faruwa, ya koma shagonsa. Mai Aski ya fara da almakashi ya rage gemun, ya shafa kumfa, ya ɗauki aska. Leɓunansa na motsi da addu'a. Ya dafa kuncin tsoho da hagu, ya ja sau ɗaya, fata ta fito fes. Ya sake ja. Gumi na bin bayansa. Ya gama ɓarin dama, ya gangaro haɓa, nan hannun ya yi tsalle. Jan ɗigo ya ɓullo cikin farin kumfa.

Aska ta faɗi ƙasa. Mai Aski ya ja baya har ya bugi benci.

"Na yanke ku, Baba. Na yanke ku."

Tsoho ya buɗe ido ɗaya, ya taɓa wurin, ya duba yatsa.

"Wannan? Sauro ya fi ka ƙoƙari. Ɗauki abarka ka wanke. Ko so kake in bi titi da rabin gemu, a ce dattijon coci ya taɓu?"

Ya ɗauka, ya wanke, ya ƙarasa. Aikin bai kai na da ba. An bar 'yan tsirarun gashi a ƙarƙashin kunne, tsoho ya gani ya yi kamar bai gani ba. Ya sauko, ya karɓi sandarsa, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Gobe da yamma ka zo gida. Sumar yaron nan ta ishe ni. Almakashi kawai za ka kawo, uwarsa kuma za ta tsaya a kanka. In ya ƙi zama, kada ka matsa masa, ka dawo jibi."

"In ya ƙi jibin fa, Baba?"

"Sai ka dawo gata."