Kunnen Baba Tada-mu-ji

Kafin masu shagunan layin su ɗaga ƙofofinsu, Baba Tada-mu-ji ya riga ya share gaban garejinsa, ya yayyafa ruwa, ya jawo bencinsa bakin ƙofa. Ba ya kunna rediyo, ba ya kuma yarda a kunna masa. Manyan baburan da suka kwana a ciki, irin waɗanda ake ɗaura wa akwati hagu da dama a yi doguwar tafiya a kansu, sai ya turo su waje ɗaya bayan ɗaya, ya taɓa kowane inji da bayan hannu ya tabbatar ya huce sarai. Sannan ya tayar da na farko, ya sunkuya, ya kafa bakin doguwar sukundirebarsa a jikin injin, ya manna ƙotar a kunne, ya rufe ido. Wanda ya yi masa sallama a wannan lokacin sai dai ya amsa wa kansa.

Sunan nan mu mahaya muka laƙaba masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Ka zo da babur ka fara bayani, "Baba, wata ƙara nake ji kamar ana...", sai ya ɗaga maka hannu.

"Kai ne injin? Tada mu ji."

Ba wulaƙanci ba ne. Ya ce mai babur yakan zo da cutar a bakinsa, wani ya riga ya faɗa masa a hanya cewa fistin ne ko konrod ne ko wani ƙarfe na cikin inji, kuma da zarar ka faɗa wa bakanike sunan cuta, kunnensa ita zai tafi nema, ya bar wadda ke gabansa. Saboda haka tsawon shekarun da ya yi a wannan sana'a, fiye da talatin, bai taɓa tambayar mai babur abin da ya ji ba.

Ƙarshen watan nan zai rufe garejin. Ƙarfinsa bai ƙare ba, har yanzu shi kaɗai yake ɗora babur mai nauyin saniya a kan sitan, ƙafar da yake tsayawa a kai, idonsa ma da tabarau yana zare ƙaramin noti daga cikin baƙin mai. Kunnen ne ya fara tafiya, kuma kunnen nan shi ne duk abin da ya tara. Da shi yake cewa mutum "tafi" ko "kada ka tafi", mu kuma mu ɗauki matanmu a baya mu hau titi bisa maganarsa. Yadda ya gano kunnen ya tafi, da abin da ya yi bayan ya gano, shi ya sa na zauna nake wannan rubutu.

Amma bari in fara da aikin, don wanda bai san aikin ba ba zai gane nauyin abin ba.

A wurin Baba, babur mai ƙara sai ya kwana. Ka yi magiya, ka ce sauri kake, ka ce gidanka nesa ne, zai nuna maka inda ake samun mota. Dalilinsa shi ne wanda ya tuƙo babur zuwa gareji ya kawo inji da zafi, kuma akwai ƙarar da zafi ke ɓoyewa. Fistin da ya yi sako-sako yana ƙwanƙwasa da sanyin safiya, in inji ya ɗumama sai ya yi lamo kamar bai taɓa laifi ba. Akwai kuma wadda sai da zafin take fitowa, bugu mai nauyi daga can ƙasan inji, wanda ke ƙaruwa in an murɗa totur a kan hawa. Wannan in Baba ya ji ta, mukullin babur ɗinka yake zarewa ya sa a aljihunsa. Sarƙar taimin ta cikin inji in ta saki tana da nata kacar-kacar, salansa da ke fitar da iska ta gefe tana da nata cif-cif, kuma duk a kunnen irina ƙara ce kawai.

Mai walda, wanda shagonsa ke manne da garejin tun kafin gemunsa ya yi fari, ya ba ni labarin wani da ya sayo babur na hannu ya biyo don a taya shi murna. Injin yana tafiya lafiya lau, ba ƙara ko ɗaya. Baba ya saurara, ya zaro ma'aunin mai, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ga yana bin yatsa kamar zuma. Ya ce a juye a zuba na ƙa'ida. Ana zubawa aka tayar, sai ga bugu gwaf-gwaf, wanda mai sayarwa ya danne da mai mai kauri. Mutumin ya fusata, wai lafiya lau ya kawo babur an ɓata masa. Baba ya ce, "Ɗana, ni ban sa masa ciwo ba, bargon kawai na yaye." Mutumin ya tafi yana mita, ya dawo da kansa bayan ya huce.

Ni nawa darasin daban ne. Babur ɗina yana da wata 'yar tik-tik a saman inji wadda ta hana ni sakat. In na sa hular kwano ma sai in ji kamar a cikin hular take. Na kai masa, ya kwana, ya saurara, ya ce in hau in tafi.

"Baba, ƙarar fa?"

"Tana nan. Bar ta."

Na ce wani ya ce zai iya ɗaure mini bawul ta ɓace. Sai ya zaunar da ni a benci, abin da ba ya cika yi ba, ya nuna mini da yatsunsa. Tsakanin kan bawul da ƙarfen da ke danna shi akwai 'yar tazara, ba ta kai kaurin farce ba. Ita ke yin tik-tik ɗin. Ƙarfe in ya ji zafi miƙewa yake, tazarar nan ita ce wurin miƙewarsa. Ka ɗaure ta don ka sami shiru, bawul ya daina rufewa daidai, wuta ta riƙa lasar gefensa har ya ƙone, kuma ba a bakin gida zai ƙone ba, sai ka yi nisa.

"Bawul mai 'yar magana ba ya ba ni tsoro," in ji shi. "Wanda ya yi tsit nake tsoro."

Kai kaɗai ne, Baba, bakaniken da na taɓa gani yana korar aiki daga ƙofarsa. Kai ne wanda ya gwammace a ce masa mai taurin kai da a ce ya sallami babur ya je ya buga a daji. Dodon masu gaggawa, mun zage ka a bayan ido, mun kuma dawo da ƙafarmu.

Alamun sun fara ne a hankali. Waya ta yi ta ringi a aljihunsa sai wani ya taɓa shi. Mai ɗakinsa ta kawo masa abincin rana wata rana, ta tsaya a bayansa tana sallama har ta gaji, ta juya ta ce wa mai walda, "Ka ga abin da nake fama da shi a gida. Jikoki su yi ta surutu, shi yana yi musu murmushi kamar baƙo." Murya mai kauri yana ji, bugun ƙasan inji ma yana kamawa tun daga nesa. Siririyar ƙara ce ta fara ɓace masa. Mun lura, mun yi ta zancen a tsakaninmu, amma wa zai tari dattijo irin wannan ya ce masa ba ya ji? Kowa ya bar wa ɗan'uwansa.

Sai Dogo ya kawo babur ɗinsa. Dogo abokin hawanmu ne, kuma yana shirin ɗaukar matarsa su je gaida iyayenta, tafiyar yini guda a kan babban titi. Injinsa na ƙas-ƙas-ƙas da ƙarfi, har mai walda ya ɗaga gilashin fuskarsa ya leƙo. Baba ba ya nan lokacin, aka tura babur ciki ya kwana. Da safe ni da Dogo muka zo, mai walda ya fito da kofin shayinsa. Baba ya tayar, ya kafa sukundireba a saman inji, ya daɗe, ya sake wuri, ya sake. Ƙarar tana nan tana cika mana kunne. Ya miƙe ya kashe injin, ya harari Dogo.

"Wa ya ɗaure maka bawul? Injin nan ya yi shiru da yawa."

Dogo ya buɗe baki, mai walda ya taka masa ƙafa. Ni na dubi ƙasa.

Baba ya kwance tanki, ya buɗe murfin saman inji, ya ɗauko siraran ƙarafunan awonsa masu kama da reza. Ya zura mafi siriri yana jiran ya ƙi shiga, sai ya shige. Ya zura na gaba, ya shige. Ya zura mai kauri, shi ma ya shige yana lilo. Ya taɓa notin da ke riƙe awon, notin ya juya da yatsa kawai, saura kaɗan ya faɗa cikin inji. Da ya faɗa a kan gudu, da mutum biyu a kai, Allah kaɗai ya san yadda za ta ƙare. Tazara irin wannan kuwa ko ɗan koyo ya san ba ta shiru.

Ya daɗe a tsugune, ƙarfen awon a hannunsa. Ina so mai karatu ya gane cewa a nan hanya a buɗe take. Murfin da ya kamata a buɗe shi ya buɗe, cutar tana gabansa. Da ya ɗaure ya rufe ya ce "hau ka tafi", da mun ce Baba ya sake nuna gwaninta, kuma babu ɗayanmu da zai tanka har abada. Ya daidaita awon, ya ɗaure notin, ya duba sauran, ya mayar da komai, ya goge hannunsa. Sannan ya yi abin da ban taɓa ji ya yi ba.

"Dogo, wace ƙara ta kawo ka?"

Dogo ya sosa ƙeya. "Baba... ƙas-ƙas ce. Tun daga bakin titi ake jin ta."

Baba ya juya ga mai walda. "Kai ma ka ji?"

"Na ji, Yaya."

"Ɗazu da na tayar, tana yi?"

Mai walda ya gyaɗa kai. Baba ya zauna a benci. Wallahi na so in ce ina da uzuri in gudu. Dogo ya yi ƙoƙarin gyara zancen, ya ce ai ga shi an gano, an gyara, me ya rage.

"Wannan dacewa na yi," in ji Baba. "Na buɗe neman wata cuta na tarar da wata. Na gobe fa, wanda zan saurara in ce lafiyarsa ƙalau?" Sai ya ɗago ya dube mu. "Na jiya fa?"

A ranar ya aika aka kira masa tsohon yaronsa, wanda yanzu magidanci ne da garejinsa a ƙarshen layi. Sannan ya bi duk wanda ya tuna ya sallama tun lokacin da mai ɗakinsa ta fara ƙorafi, wasu ta waya, wasu ya je har ƙofar gidansu. Maganar ɗaya ce, kuma bai sassauta ta don ya rufa wa kansa asiri ba: "Kunnena ya samu matsala. Na ce maka babur ɗinka lafiya, ban tabbata na ji shi ba. Dawo da shi." Wani ya ce haba Baba, ai ba komai. Ya ce ba shawara yake nema ba.

Haka baburan suka riƙa dawowa suna kwana. Da safe tsohon yaron nasa ya saurara, shi yana tsaye a gefe hannu a baya yana tambaya: daga sama take ko daga ƙasa, tana bin totur ko ba ta bi, ta ragu da inji ya ɗumama? Yawancinsu lafiya lau aka same su. Ɗaya aka samu sarƙar taiminsa ta saki har ta fara cin jikin inji, kuma mai shi yana da doguwar tafiya a gabansa. Baba ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya tsaya a kan aikin har aka gama. Mutumin ya rasa inda zai sa fuskarsa, don shi godiya ya zo da ita.

Mun roƙe shi ya zauna ko don aikin hannu, birki da kuloci da juyen mai. Ya ce muddin yana zaune a bakin ƙofar nan, mutane za su ci gaba da kawo masa ƙara, kuma wata rana kunya za ta sa ya amsa. Na ji haushin maganar, don gaskiya ce.

Ina kira ga duk wanda mutane ke dogara da idonsa, ko hannunsa, ko kunnensa, direba ne, mai haɗa wuta ne, mai duba marasa lafiya ne: ranar da abin ya fara raguwa, waɗanda ke ƙaunarka ba za su faɗa maka ba, za su taka ƙafar juna ne su yi shiru. Kai za ka faɗa da bakinka, kuma ka waiwaya ka duba aikin da ka riga ka sallama. Mu ma da ke gefe mu koyi buɗe baki, girmamawar da za ta jefa wani a rami ba girmamawa ba ce.

Baba, Dogo da matarsa sun je sun dawo lafiya, tana gaishe ka. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai daɗi, ya sa jikoki su koyi ɗaga murya. Na so in zo in faɗa maka duk wannan a bakin gareji, amma na rubuta shi ne da gangan. Sa tabarau ka karanta a hankali, don wannan karon ba na son ko kalma ɗaya ta wuce ka.