Tulun Inna Maijidda

Tungar Gambo ba a hango ta daga mota. Sai ka sauka a Tsafe, ka bi hanyar ƙafa ta bayan duwatsu kamar mai zuwa Bilbis. Wani maharbi, Gambo, shi ya sare dajin. Ya zo da matarsa da dami ɗaya na maiwa, irin da jikokinsa suka ci gaba da shukawa. Taurin kai kuwa gadonsu ne, har maƙwabta na tsokanarsu wai ko jakinsu sai an roƙe shi yake tafiya.

Inna Maijidda ta fi su duka. Jikar Gambo ce, 'yar ƙaramar tsohuwa mai baki kamar barkono. Ita ke ajiyar iri tun tana amarya. Takan zaɓi zangarniya mai kyau, ta sussuka, ta cuɗa da toka don kada ƙwari su ci, ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka.

Sai ga farin shekarar saba'in da uku. Aka ci dusa, aka ci tafasa, kowa ya daka irinsa ya sha. Gida bayan gida aka ɗaure kaya sai Gusau. Tulun Inna kaɗai ya rage, ita kuwa ta san in aka cinye shi, ko ruwa ya dawo Tunga ta zama kufai. Ɗanta Yusha'u ya roƙe ta ta fasa, ko 'ya'yansa sa sami kunu. Ta ƙi. Mata suka sa mata suna mai rowa, suka daina gaishe ta a rijiya. Wallahi abin ya ci mata rai, don ita ma ganye take ci, amma bakin nan bai mutu ba.

"Ku zage ni da rani," in ji ta, "in dai za ku shuka da damina."

Da ruwan shuka ya sauka, ta sa aka fito da tulun, ta fasa lakar da muciya, ta auna wa kowane gida da ludayi. Shafa'atu da ta fi kowa zaginta har ƙari ta samu, wai bakinta ya fi na kowa faɗi. Maiwa ta yi kyau, na Gusau suka fara dawowa.

Da kaka kowa ya dire damin farko a ƙofar Inna. Yusha'u ya kawo nasa, ya durƙusa ya tambaye ta yadda zuciyarta ta daure ba ta taɓa buɗe tulun ba.

Ta dubi jikarta Hauwa, 'yar Yusha'u, da ke wasa a tsakar gida.

"Wa ya ce maka? Ranar da yarinyar nan ta kasa kuka na buɗe, na ɗebi tafin hannu na dama mata. Allah ya yafe mani satar da na yi wa gari."

Yusha'u ya miƙe. Ya koma gona ya ɗauko dami na biyu.