Ɓarawon Dashen Kabeji

Shekara arba'in Mai Lambu yana ban ruwa a bayan gidansa. Mutumin kirki ne, hannunsa da albarka, sai dai in ya kafe a kan magana, ko a turmi aka sa shi sai an kuskure.

Wata shekara ya dasa kabeji. Kullum da safe sai ya tarar an datse masa dashe daga gindi an yar. Bai yi wata-wata ba ya ɗora laifin a kan kajin matarsa, guda bakwai da ta raina tun suna tsaki. Ya kulle su a akurki, ɓarna ta ƙaru. Ya ce ai ta wata kafa suke fita, ranar kasuwa za a rabu da su. Tun daga nan magana ta ƙare tsakaninsa da matar, sai gaisuwa.

Autarsu malamar gona ce. Da ta zo, ta tona gindin dashe da yatsa, ta zaro wata tsutsa ruwan toka a nannaɗe. Ya ce wannan abar ko zare ba za ta tsinka ba. Auta ta sa ta a kwalba da ƙasa, ta roƙe shi ya ciyar da ita, ya kuma ɗaga wa kajin ƙafa.

Ya ba tsutsar kabeji ta ci. Tumatir, ganyen masara, har ciyawar bakin rijiya, ba ta mayar da ko ɗaya ba. Sannan ta nutse a ƙasa, shiru. Bayan mako uku ya tarar da wata halitta mai kama da malam-buɗe-littafi a jikin kwalbar, kowane fiffike da baƙin zane kamar tsinin mashi.

Auta ta nuna masa zanen nan a littafi, ta ce tsutsar ce ta rikiɗa, da zanen kuma ake gane irinta. Kusan duk inda ake noma a duniya akwai ta, takan kuma bi iska har ta ƙetare teku.

Shi bai taɓa ganin teku ba, ga abin da bai kai babban yatsansa ba yana tsallake shi. Ya daɗe yana tasbihi.

"To, wa ke maganin tsutsar?"

"Tsuntsaye, Baba. Da kaji."

Da kansa ya je ya buɗe akurkin. Matarsa tana tsaye tana kallo.

"Uwar yara, na zalunce ki."

"Ni na yafe," in ji ta. "Saura su."