Baƙon da Ke Fita ta Salansa

Ina da shekara tara na fara ganinsa. Wani siririn hayaƙi shuɗi ne, yana silalowa ta ƙarƙashin ƙofar da ta haɗa kicin ɗinmu da gareji, a gidanmu na unguwar Erdington a Birmingham. Ya ba ni sha'awa, kamar mayafin amarya da iska ta ɗauko. Kaka, mahaifiyar Babanmu, wadda ta zo mana daga Funtua a hunturun nan, ta fizgo hannuna har sai da na yi ƙara.

Baba akanta ne, amma a kan mota ya fi amincewa da abin da ya koya a gida. Kullum da safe sai ya ɗumama injin, yana ba ta wuta, kuma baƙin mai mai kauri yake juye mata, irin wanda ya dace da zafin Kano. A sanyin Birmingham man kan daskare kamar zuma, injin ya yi ta tari yana aman hayaƙi. Saboda sanyin ne kuma ba ya ɗaga ƙofar garejin. Ɗakin da ƙanwata Ummi ke kwana da Kaka yana saman garejin.

Ran nan bayan sallar magariba muka zagaye hita, jan haskenta yana rawa a fuskar Kaka. Baba na gefe da takardunsa.

"Ga ta nan tafe, ku matso kada ta wuce ku," in ji ta.

Labarin Tanko ne, direban gingimari, da amaryarsa Lami, wadda yake so har ya sa aka rubuta sunanta a goshin motar. Tanko yakan sirka man motarsa da kananzir, kuma sai baƙin mai ya zama kwalta kafin ya yi juye. Shi ya sa wani baƙo ya tare a salansarsa, baƙi wuluk, yana bin sa gari gari. Wata rana suka lalace a hanyar Jos, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Tanko ya tausaya wa Lami, ya rufe gilasai, ya bar injin a kunne don ta ji ɗumi. Baƙon ya cire baƙar rigarsa, ya shigo ta hujin da ke ƙasan motar, ba launi, ba wari. Ya shafa musu ido a hankali. Da gari ya waye aka same su kan Lami na kafaɗar Tanko, kamar masu barci.

Ummi ta cusa kai cikin zanen Kaka.

Baba ya yi dariya. "Haba Inna, nan fa England ce. Fetur ɗinsu tatacce ne, ba na bumburutu ba."

"To, Alhajin lissafi," in ji Kaka, ko kallonsa ba ta yi ba. "Turawa sun tace maka mai, sun tace maka numfashi ne? Mai shuɗin nan ma mutunci ya yi maka da ya nuna kansa. Ɗan'uwansa ba ya sallama."

Kwana uku bayan haka dusar ƙanƙara ta sauka. Baba ya kunna mota, waya ta ɗauke masa hankali a falo. Ummi ba ta tafi makaranta ba, mura ta kwantar da ita. Na hau in yi mata sallama, na kira sunanta sau uku. Ta buɗe ido da ƙyar ta ce, "My head hurts," wato kanta na ciwo, sai idon ya sake rufewa, hannunta ya saki.

Ihun da na yi ban san ina da shi ba. Kaka ta katse lazimi a kicin, ta fita waje ba takalmi, ta ɗaga ƙofar garejin da hannuwan da ko tulu ba sa iya ɗauka. Baba ya sauko da Ummi a kafaɗa, yana ta maimaita Innalillahi. A asibiti aka sa mata abin shaƙar iska har yamma. Likita ya ce mun yi sa'a.

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin labarin soyayya, ina kuka don Lami. Sai da na girma na lura Tanko bai rufe gilasan da mugunta ba. Tattali ne ya sa shi, kamar yadda Baba ke tattalin motar da za ta kai mu makaranta. Wannan ya fi tsorata ni.

Yanzu Baba ya yi ritaya, yana zaune da Ummi da 'ya'yanta a Manchester. Shi ke ɗauko jikoki daga makaranta. Duk motar da ya tarar tsaye a bakin ƙofar makarantar injin na kunne, sai ya tsaya, tsoho da jar dara da ƙatuwar kwat, ya ƙwanƙwasa gilas da yatsa. Wasu su harare shi, wasu su zage shi. Ba ya gusawa sai an kashe.