Iya Tabawa da Gadon Jatau

Shekara arba'in Iya Tabawa tana yankan cibi a wani ƙauyen Kirista kusa da Kibiya, kuma da ganin jariri take faɗin wanda ya ɗebo. Bara Jatau ya ƙi yin baftisma, wai ubansa mashayi ne, barewa kuwa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin ya dame ta, ta same shi a gonar albasa.

Ta ce, "Kai ɗan nan, ni na yanke maka cibi. Hancin na ubanka ne, ban musa ba. Amma Yesu budurwa ce ta haife shi, bai gāji zunubin Adamu ba. Shi ya sa zai iya sauke maka naka."

Ran Lahadi ita ta riƙe masa riga a bakin rafi.