Jan da Ya Ƙare a Turkena

Awakin gidanmu ja ne, kuma ba irin jan kasuwar Agiye ba, wanda in ka ɗaga ƙafar akuya sai ka iske fari a ɓoye. Namu ja ne har cikin kunne, kamar an tsoma su cikin manja. Kakata ce ta koro uwarsu daga wajen Katsina, ta bar wa innata, innata ta bar mini. Da aka kai ni gidan miji, gabas da Gazawa, awakina sun riga tukwanena shiga garin.

Ban taɓa barin baƙon bunsuru ya hau akuyata ba. In rani ya yi aka saki dabbobin gari, nawa suna turke, ni ke kai musu harawa da dusa. Bunsurun gida ke hawan uwarsa da 'yan'uwansa. In ya tsufa a yanka, in tsayar da ɗansa. Mata na cewa ina da girman kai. Ina da shi. Amma duk mai son 'yar akuya ta kirki, ƙofata take zuwa.

Bayan rasuwar maigidana, wata akuya ta haifi ɗa mai gajeriyar haɓa, leɓen sama ya rufe na ƙasa kamar bakin aku. Ja ne sarai, kyakkyawa. Ya je ga nono ya kasa kamawa. Na tatsa na riƙa ɗiga mishi da tsumma, yana haɗiyar kaɗan, sauran na bin wuyansa, har ya mutu a cinyata. Na ce bakin mutane ne, na ɗaura wa uwar laya. Haihuwar da ta biyo, wata akuyar ma ta kawo irinsa. Daga nan sai ya zama in akuya ta fara naƙuda, ba na duban ko mace ce ko namiji, baki nake fara buɗewa. Tsofaffin na ƙarewa, masu maye gurbinsu ba sa rayuwa.

Wani likitan dabbobi, sa'an autana, ya zo garinmu allura a kan moto, wato babur. Na nuna mishi wanda aka haifa ranar. Ya tambaye ni waye uban, waye uban uban, na lissafa mishi har inda hankalina ya kai, ina taƙama. Sai ya ce a jikin kowace halitta akwai wani rubutu da ido ba ya gani, rabi daga uwa, rabi daga uba. Wani lokaci wajen kwafe shi harafi ɗaya kan kauce. In rabi ɗaya ne ya kauce, sai ya yi ta barci cikin jini. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, sai ya farka a jikin ɗa. Ya ce wataƙila tun akuyar kakata yake tafe.

Na ce, "Wato kakata ce ta kawo mini lahani?"

Ya ce, "Inna, ba laifin kowa ba ne. Jan nan ma da kike so haka ya fara. Kuskure ne da ya yi kyau."

Na tambaye shi ko ana goge harafin. Ya ce a wasu ƙasashe masana sun fara yanke irinsa suna gyarawa, amma abin bai iso akuyar ƙauye ba. Maganinmu nan, bunsurun wani gida.

Na nema. Duk jan da ke garuruwan kusa, in na bi asalinsa, daga turkena ya fita. Na kasuwa kuwa, kowane na ɗaga na ga farinsa na ajiye. Ina wannan zaɓe har awakina suka koma biyu.

Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono tun muna da ƙarfinmu, ƙawata ce. Wata safiya ta shigo janye da bunsurunta, baƙi mai dabbare-dabbaren fari, ƙaho a karkace, wari tun daga zaure. Ta ɗaure shi a turkena ba ta tambaye ni ba.

"Ga ango na kawo wa 'ya'yan sarauta," in ji ta. "Mummuna ne, amma duk danginsa da haɓarsu."

Na zage ta, ta rama, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Ban kwance shi ba.

Lokacin kaka awakin biyu suka haihu. Na buɗe bakin kowane, haɓa cikakkiya. Kafin uwa ta gama lashe su sun kama nono suna tunkura, wutsiya na rawa. Ɗaya baƙi ne, ɗaya da fari a goshi, ɗaya kalar ƙasa. Maƙwabta suka shigo barka, na amsa musu. Surukata, matar ɗana, ta yi ta murna, sai na ce mata daga yau ita ce mai turken.

Jajayen biyu suna nan, sun tsufa, haƙora sun zube. Su kaɗai nake jiƙa wa dusa da hannuna.