Tuwon da Suka Ci a Tsaye

Jiya da hantsi motar sojoji ta wuce ta bayan gidanmu ta nufi hanyar Illo. Ban gan ta ba, ƙararta na ji, irin wadda take sa kwanonin ɗaki su kama rawa. Ina tsince wake a lokacin, sai na ga hannuna ya tsaya da kansa. Na tsufa, na yi jikoki, amma har yau idan na ji wannan ƙara sai kakana ya faɗo mini a rai.

Ƙauyenmu yana kusa da iyaka ƙwarai. Kakana yana wannan ɓangaren, ƙanensa da suke ciki ɗaya yana can ƙasar Benin, inda ya yi aure ya samu gona. Mu yara muna ce masa kakan ƙetare. A lokacin ban san wata ƙasa ba ce. Abin da na sani shi ne idan ya taso da safe a kan jakinsa, kafin azahar ya iso, da gishiri a cikin mangala da ƙafarsa ta hagu mai ciwo tana lilo.

Akwai wata al'ada a gidanmu da ban taɓa gani a gidan kowa ba. Idan an yanke shinkafar fadama, an buge, an sheƙe, babu mai kai ƙwaya ɗaya baki sai kakan ƙetare ya zo. Ranar da ya zo kakata za ta tuƙa tuwo, ta yi miyar kuka da busasshen kifi, a zuba a akushi ɗaya. Su biyu za su zauna a kan buzu su sa hannu tare. Sai sun yi haka sannan a zuba wa sauran gida. Kakata ta ce mahaifinsu ne ya bar musu wasiyya ranar da ƙaramin zai ƙaura, don kada nisa ya raba su.

Ka san yadda sabuwar shinkafa take? Idan ana turara ta, ƙamshin yana shiga har cikin zanen da ka ɗaura. Mu yara mukan yi ta zagaya tabarmar shanya kamar kaji. Ni kuwa tun ina ƙarama mai fargaba ce. Ko ƙwayar da ta faɗi ƙasa ba na ɗauka, ina tsoron in na ci wani abu zai sami ɗaya daga cikinsu. Kakana yakan tsokane ni, ya ce, “Matar ga tawa, tsoro zai kashe ki kafin yunwa.”

Sai ga shekarar da gwamnati ta rufe iyaka. Ina makarantar firamare lokacin. Muka wayi gari an kawo sojoji, sun jera ganguna a kan hanya, sun gicciya itace. Ba shiga, ba fita. Matasa suna bin daji su tsallaka, wasu su dawo lafiya, wasu su dawo da bayansu duk shatar bulala. Kakan ƙetare ba zai iya bin daji da wannan ƙafa ba. Ya aiko ta bakin wani Bafulatani mai kiwo cewa zai gwada, kakana ya mayar da saƙo cewa idan ya gwada bai yafe ba.

Aka yanke shinkafa, aka zuba a rumbu, aka rufe. Muka ci gaba da cin ragowar dawar bara, wadda ƙwari suka huda har tuwonta yana ɗaci. Mahaifina ya je ya durƙusa ya ce, “Baba, a bari yara su ci mana, larura ce.” Kakana ya ce yara su ci. Amma kakata ta ƙi ɗora tukunya, ta ce ba da hannunta ba. Shi kuwa kakana dawar ba ta karɓe shi ba, yana kai loma kaɗan sai ya ture. Ina kallon wuyansa yana zama siriri a cikin riga. Kullum da safe kafin in tafi makaranta sai na leƙa ɗakinsa in ga ko yana motsi.

Wata rana ya ce a tuƙa tuwon. Ya riga ya aika wa ƙanensa cewa ya zo bakin shinge. Aka ɗaure akushi da tsumma, ya ɗauka da kansa. Na riƙe gefen rigarsa ina kuka, na ce harbe shi za su yi. Ya yi ya yi in saki na ƙi, sai ya ce, “To taho, in an harbe ni ki yi mini takaba.”

Muka iske kakan ƙetare yana tsaye a bayan itacen, ya dogara da sanda. Babban sojan ya ce a buɗe akushi. Ya ɗauki tsinke ya caccaki tuwon ko an ɓoye wani abu a ciki. Kakana ya roƙa a bar ɗayansu ya ƙetara su zauna a inuwa. Sojan ya ce ba a ba shi wannan umarni ba. Da aka daɗe ana magiya, sai ya nuna ganga ya ce, “Baba, ku ɗora a nan. Ku yi sauri.”

Kakana mutum ne da idan ya ga yaro yana cin abinci a tsaye sai ya dungure masa kai, ya ce ko akuya takan nemi wuri. Ranar nan na gan shi a tsaye cikin rana, ƙanensa a tsaye, itace a tsakaninsu, akushi a kan ganga mai warin mai. Suka yi bisimilla suka sa hannu tare.

Kakan ƙetare ya kai loma ya ce, “Yaya, miyar ga ba gishiri. Shi ma an rufe mishi hanya?”

“Mai kawo shi ne ya zama rago,” in ji kakana.

Suka yi dariya, amma ba su dubi juna ba. Akwai wani ƙaramin soja a gefe, baƙo ne, Hausarsa ba ta nuna ba. Na ga yana satar kallon akushin. Kakana ya ce, “Yaro, bisimilla.” Yaron ya dubi babbansa, ya girgiza kai, ya juya baya.

Wannan ne cinsu na ƙarshe tare. Da damina ta faɗi kakan ƙetare ya rasu, iyaka tana rufe, labarin ma sai bayan an binne shi ya iso mu. Daga nan duk shekara ɗansa yake zuwa su sa hannu da mahaifina. Kakana kuwa bai ƙara cin sabuwar shinkafa ba, sai ta kwana biyu a rumbu ƙamshin ya fita.

Ba na son in ɗauki alhakin kowa, don haka ina auna maganata. Yanzu da miyagu suka yi yawa a daji, akwai ranakun da ni ma nake addu'a a ƙaro mana sojoji. Na san da ba su, da wasu ƙauyuka sun watse. Kuma ban manta da yaron nan da ya juya baya ba, shi ma ɗan wani ne, an kawo shi inda bai san kowa ba. Amma abin da na gani da idona shi ne, bindiga ba ta san wa da ƙane ba. Masu fasa-ƙwaurin manyan kaya suna da hanyarsu, wanda shinge ya tsare shi ne tsoho mai ciwon ƙafa. Waɗanda suke ba da umarni daga birni, da ma a ce sukan zo su tsaya a bakin ganga su ga wanda abin yake faɗa wa. Idan na yi kuskure Allah ya yafe mini.

Iyayenmu duk sun tafi. A cikin waɗanda suka san al'adar, saura ni da jikan kakan ƙetare, ƙanena ke nan, shi ma furfura ta cika masa kai. Ni kuma likita ya ce ciwon sukari gare ni, ya raba ni da tuwon shinkafa, sai ɗan abin da bai wuce tafin hannu ba. Wake da ganye, kullum. Surukata takan zuba mini nawa daban a ƙaramin kwano in ci a ɗaki, don idan na zauna da mutanen gida ido yana son abin da suke ci. Ban ƙi maganar likita ba, ina bi har da tsoro. Sai dai bai gaya mini cewa wanda aka ware wa kwano an ware shi daga hira ba.

Ɗana da yake aiki a birni ya saya mini waya mai nuna fuska. Tana da amfani, ba zan ɓoye ba. Da akwai ta a da, da kakana ya ji muryar ƙanensa kafin ya cika. Amma na lura tun da ta zo ƙafafu suka ɗauke. Kowa sai ya ce ai mun gaisa.

Bana da aka yanke shinkafa ƙanen nawa ya kira ya ce hanya ba daɗi, shingaye sun yi yawa, jiki kuma ba ƙarfi. Ya ce, “Yaya, ki jingina wayar da kwano, ni ma in jingina tawa, mu sa hannu tare.” Na yi ta juya abin a raina ko ya halatta a wurin magabata, daga baya na yarda. Aka tuƙa, na sha maganina, na shimfiɗa tabarma. Ga fuskarsa, ga kwanonsa. Ya ɗaga hannu ke nan sai hoton ya daskare, daga nan ya ɗauke gaba ɗaya.

Na zauna ina jira. Surukata ta yi ta gwada kira, ba ya shiga. Maganin nan kuwa idan an sha ba a ci abinci ba, jiki yakan kama rawa. Tuwo ya huce, gumi ya fara keto mini. Ta ce, “Inna, don Allah ki ci, kada ki faɗi.” Da na ga yatsuna suna karkarwa, sai na yi bisimilla na ci, ni kaɗai.

Mun yi waya bayan nan, mun gaisa, mun yi maganar jikoki. Ban tambaye shi ko ya jira ni ba. Idan ya ce ya jira, to ni ce na riga shi sa hannu. Idan kuma ya ce bai jira ba, ke nan a duk zuriyar nan ni kaɗai na rage mai jira.